Likita Lorna Wing da Yaran da Ba Su Amsa Kira

A kusan kowane gari akwai wani irin yaro da ke jefa iyayensa cikin damuwa. Jikinsa lafiya lau, kunnensa yana ji, amma in an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya son haɗa ido da mutane. Yakan wuni yana jera marafan kwalba a layi, in wani ya gusar da guda ɗaya sai kuka ya tashi kamar ana yanka shi. Wani ba ya magana sam, wani kuwa sai ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa. Maƙwabta su ce iska ce, ko sammu, ko kuwa uwar ce ta sangarta shi. Likitoci suna kiran wannan hali otizim. A rediyo akan ji ana cewa galahanga, amma kalmar nan an ɗora mata larurori iri iri da ba su da dangantaka da juna, saboda haka za mu tsaya a kan otizim.

Abu mai yawa daga cikin abin da aka sani yau game da yaran nan ya fito ne daga aikin wata likita 'yar Ingila mai suna Lorna Wing. An haife ta a 1928, ta yi karatun likita a Landan, ta ƙware a sha'anin ciwon hankali. Mijinta, John Wing, shi ma aikinsa ke nan. A 1956 suka sami 'ya mace. Wata rana suna cikin jirgin ƙasa, jaririyar tana da wajen wata shida, sai Lorna ta lura da ɗan wata mata da ke zaune kusa. Duk sa'ad da yaron ya hango tumaki ko shanu ta taga, sai ya nuna su, ya juyo ya dubi uwarsa ko ita ma ta gani. Tata 'yar ba ta taɓa yin haka ba. Sai da yarinyar ta kai shekara uku kafin aka gaya musu sunan abin da ke damunta. Ka duba fa, mai karatu, uwa da uba duka likitoci ne, amma ba wanda ya koya musu wannan abu a makaranta.

A lokacin nan ilimin bai daɗe da somawa ba. A 1943 ne Likita Leo Kanner na Amurka ya fara bayyana halin, bayan ya duba yara 11. Aka ɗauka abu ne da ba safai ake samunsa ba. Mafi muni, waɗansu masana suka ɗora laifin a kan iyaye mata, wai ba su nuna wa jariransu ƙauna ba, har aka riƙa kwatanta su da firiji. Wani mai suna Bruno Bettelheim ya baza wannan ra'ayi cikin littafinsa na 1967. Mace tana fama da yaron da ba ya barci, ba ya ce mata Mama, sa'an nan mai digiri ya ce ita ta jawo. Lorna ta san ba gaskiya ba ne, gama a gidanta abin yake. A 1962 ta haɗu da waɗansu iyaye suka kafa ƙungiya wadda ta zama babbar ƙungiyar otizim ta ƙasar Birtaniya, ta kuma rubuta wa iyaye littafin jagora. Shaida ta zo a 1977, sa'ad da Susan Folstein da Michael Rutter suka bincika tagwaye 21. Cikin tagwaye 11 masu kama ɗaya, an sami 4 da duka biyun suke da otizim. Cikin 10 waɗanda ba su yi kama ba, ko ɗaya ba a samu haka ba. Wannan ya nuna gado yana da hannu ƙwarai, wato yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun daga ciki.

Babban aikinta kuwa shi ne wanda ta yi tare da abokiyar aikinta Judith Gould a unguwar Camberwell, kudancin Landan. Ba su zauna a asibiti suna jiran wanda za a kawo ba. Suka bi makarantu da gidaje, suka tace yara 914 da hukuma ta san suna da wata naƙasa, suka zaɓi 132 suka dube su da kyau. Sakamakon ya fito a 1979. Waɗanda suka dace daidai da bayanin Kanner wajen 5 ne cikin yara 10,000. Amma sun tarar da waɗansu da yawa masu wahala iri guda, a wajen cuɗanya da mutane, da magana, da wasan kwaikwayo irin na yara, ko da yake ba su cika dukan sharuɗan ba. Da aka haɗa su, lissafin ya kai wajen 21 cikin 10,000. Waɗannan yara ba su da suna, ba su kuwa samun taimako.

Sun kasa yaran kashi uku, abin da kowane malamin aji zai gane. Akwai mai janye jiki, kamar ba kowa a ɗakin. Akwai wanda ba ya zuwa wurin kowa, amma in an jawo shi wasa sai ya bi, ba musu. Irin wannan shi ya fi ba ni tausayi, domin a aji mai yara sittin ana ce da shi mai ladabi, shekara ta ƙare ba wanda ya lura bai koyi kome ba. Na uku shi ne mai zuwa wurin mutane da kansa, ya tsare baƙo da zancen motoci ko lambobi, bai san mutum ya gaji ba.

Daga nan ta ce otizim ba hali guda ba ne mai iyaka a fili. Yana kama da bakan gizo, launi yana shiga cikin launi, daga yaron da ba zai taɓa magana ba har zuwa wanda zai gama jami'a. A 1981 ta fito da aikin wani likitan Ostiriya, Hans Asperger, wanda ya rubuta da Jamusanci a 1944 game da yara masu kaifin basira da ba su iya zama da mutane ba. Sunansa ya shiga littattafan likitoci, amma a 2013 likitocin Amurka suka cire shi, suka haɗa duka ƙarƙashin suna guda, daidai da tunaninta na bakan gizo.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen yaro 1 cikin 100 yana da otizim. Lorna ta riƙe cewa yawan nan ya fito ne musamman daga faɗaɗa ma'anar da kuma iya ganewa. Zancen da ya bazu cewa allurar rigakafin ƙyanda ce ke kawo shi ya samo tushe daga wani rahoto na 1998, wanda aka janye a 2010, aka kuma hana mai shi aikin likita. Kada uwa ta hana ɗanta rigakafi saboda wannan. Ba kuwa ciwon Turawa kaɗai ba ne. Tun 1978 Victor Lotter ya ba da rahoton samun irin yaran nan a ƙasashen Afirka da ya zagaya, har da Nijeriya da Gana.

Babu ƙwaya ko allura da ke warkar da otizim. Abin da ke taimako shi ne a gane da wuri, a tsara wa yaro yininsa kada ya riƙa sākewa, a yi masa magana gajere a fili, a koya masa abu kaɗan kaɗan. A 1991 Lorna da Judith suka buɗe cibiyar binciken yara da manya a Bromley, wadda daga baya aka sa mata sunan Lorna. 'Yarta ta rasu a 2005 tana da shekara 49. Ita kuma ta rasu ran 6 ga Yuni, 2014, tana da shekara 85.