Waƙar da Ba Ta San Sunanta Ba

Mutum ne ya shafe shekara goma sha biyar yana tara waƙoƙi. Wasu ya kwafo daga faifan CD, wasu abokai suka tura masa ta Bluetooth tun zamanin Nokia, wasu kuma a bakin kasuwa ya biya mai tura waƙa ya cika masa memori. Ran nan sai ya ga ya kamata ya haɗa dukiyarsa wuri guda. Ya zuba komai a wata tsohuwar kwamfuta, ya ajiye ta a lungun falo, ya sa mata irin manhajar nan da ke raba waƙa zuwa waya da talabijin da lasifikan gida, ya bar ta ta kwana tana ƙirge. Da gari ya waye ya buɗe wayarsa yana murna. Sai ya tarar mawaƙin da ya fi kowa yawan waƙa a gidansa wani ne wai shi Unknown Artist. Waƙa talatin da ɗoriya sunansu ɗaya, Track 01. Shata kuwa ya zama mutum huɗu: ga Shata, ga Mamman Shata, ga Dr Mamman Shata, ga kuma Alh. Mamman Shata Katsina, kowanne da ɗan akwatin hoto mai ruwan toka, babu komai a ciki.

Manhajar lafiyarta ƙalau. Abin da aka ba ta ne ta mayar masa.

Irinta suna da yawa yanzu, akwai Plex da Jellyfin da Navidrome da Roon da Lyrion, kuma duk buri ɗaya suke cikawa: mutum ya mallaki tasharsa a gida, ya saurari abin da ya tara daga kowane ɗaki, ba tare da fargabar wata rana kamfani zai cire waƙar da yake so ba. Sai dai a aikinsu na yau da kullum ba kunne suke sawa ba. Ba su bambanta kalangu da kuntigi. Abin da suke dubawa wani ɗan rubutu ne da ke maƙale a jikin kowane fayil, mai ɗauke da sunan waƙa, sunan mawaƙi, sunan kundin da ta fito a ciki, lambarta a jerin kundin, shekara, da hoton bango. Da wannan rubutun ake gina duk abin da ido ke gani a fuskar waya. In babu shi, babu jeri, babu nema, sai lalube.

Asalin matsalar ya girmi wayar hannu. Lokacin da Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, sun zuba sauti mai tsabta a cikinsa amma ba su ba shi wurin rubuta ko da sunan waƙa ɗaya ba. A ganinsu ai ga takarda a cikin kwalin, mai son sani ya karanta. Faifan da kansa abin da ya sani kawai shi ne waƙa nawa ke jikinsa da inda kowace ta fara. Da mutane suka soma sa faifai a kwamfuta, sai kwamfutar ta rasa abin faɗa, ta koma kiran su da lamba. Track 01 ɗin nan da ke damun mutane har yau daga nan ya samo asali.

Wasu masu rubuta manhaja biyu a Amurka, Ti Kan da Steve Scherf, su suka fito da dabara a farkon shekarun 1990. Sun lura da wuya a sami faifai biyu da yawan waƙoƙinsu da tsawon kowace waƙa suka zo daidai, don haka ana iya haɗa waɗannan alƙaluma a fitar da lambar da za ta zama kamar zanen yatsa ga faifan. Mutum na farko da ya sa faifan a kwamfutarsa zai zauna ya buga sunayen waƙoƙin da hannu, ya aika rumbu ɗaya a intanet. Duk wanda ya sa irin faifan bayansa, sunayen za su faɗo masa a ɓagas. Suka kira rumbun CDDB. Aikin gayya ne sosai, dubban mutane suka yi ta bugawa ba ko sisi.

Sai kuɗi suka shigo. An sayar da rumbun ga wani kamfani a 1998, aka sauya masa suna zuwa Gracenote a 2000, aka kuma gindaya sharuɗɗa da lasisi ga masu manhajar da ke son ɗiba daga ciki. Waɗanda suka yi gayyar suka ga an kewaye gonar da suka nome. Darajar abin ta fito fili daga baya, domin Sony ya sayi Gracenote a 2008 kan dala miliyan 260, Nielsen kuma ya saye shi a 2017 kan dala miliyan 560. Fushin wancan lokacin ne ya haifi freedb, wanda aka rufe a 2020, da MusicBrainz da Robert Kaye ya kafa a 2000, wanda har yau yana nan a buɗe, kowa na iya gyarawa, kuma da yawa daga manhajojin gida daga wurinsa suke ɗibar bayani.

Fayil ɗin MP3 ma da farko haka ya zo tsirara. A 1996 wani mai suna Eric Kemp ya liƙa masa ɗan wutsiya mai gurbi 128 a ƙarshensa, abin da ake kira ID3. Sunan waƙa gurbin harafi 30, sunan mawaƙi 30, sunan kundi 30, shekara 4. Sunan da ya wuce haka sai a datse shi. Nau'in kiɗa kuma zaɓa ake yi daga jerin guda 80 da aka riga aka tsara, kuma jerin ya nuna inda mai tsara shi yake zaune: akwai gurbin Polka, akwai na Cabaret, amma kiɗan taushi ko na kotso sai dai ya shiga Ethnic, ko Tribal, ko ya haƙura da Other. Sabon tsarin da ya fito a 1998 ya buɗe wuri, ya karɓi dogon suna da hoton bango da haruffan harsunan duniya. Amma tsohon bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma fayilolin da aka yi da shi suna nan suna yawo. Shi ya sa wani lokaci kalmar waƙa ke fitowa da alamar tambaya a tsakiyarta, ko wasu haruffa biyu da ba su da ma'ana. Mai nema ya buga ƙauna, manhaja ta ce babu, alhali waƙar tana nan an rubuta ta da k mara lanƙwasa.

Wurin da ya fi ba mutane ciwon kai shi ne gurbin mawaƙi, don a gaskiya gurbi biyu ne. Akwai mawaƙin waƙa, akwai mawaƙin kundi. A ce kundi ne mai waƙa goma sha biyu, kowace da baƙon mawaƙin da aka gayyato. In gurbi na biyun yana wofi, manhaja da yawa za su farfasa kundin gida goma sha biyu, kowane da waƙa ɗaya tal, mai gida yana ta jan yatsa yana neman sauran. Abin dariyar shi ne masu tsara ID3 ba su tanadi wannan gurbin ba tun farko. Wani gurbi ne da aka ware don sunan ƙungiyar makaɗa, manyan manhajoji suka aro shi, aro ya zama gado. Akwai kuma gurbi na musamman da ke faɗa wa manhaja harafin da za ta jera suna a ƙarƙashinsa. Turawa sun buƙace shi don kada The Beatles da ɗaruruwan irinsu su cunkushe a harafin T. Bahaushe ya fi su buƙata, domin in ba shi, rabin makaɗan gargajiya za su taru a harafin A saboda Alhaji, sauran a D saboda Dakta, mata kuma a H.

Duk wannan gini an ɗora shi ne a kan zato ɗaya: mawaƙi ɗaya, kundi ɗaya, shekara ɗaya, gajerun waƙoƙi kusan goma. Masu sauraron kiɗan Turawa na dauri sun daɗe suna kuka da shi, don aiki ɗaya na Beethoven yana da mai tsarawa, da jagoran makaɗa, da ƙungiya, da mai goge ko piyano, kuma an naɗe shi sau ɗaruruwa. Wa za a sa a gurbin mawaƙi? Kukan ya kai Apple ya sayi wani kamfani mai suna Primephonic a 2021, ya fitar da manhaja daban don wannan kiɗan kaɗai a 2023. Waƙar Hausa ma ba ta shiga wannan riga cikin sauƙi. Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan yi waƙa ɗaya a wurare daban-daban, a gidan rediyo, a wajen biki, a ƙofar fada, kowace da tsawonta da mutanen da ya ambata a ciki. Da yawansu ba a kundi suka fito ba, kaset ne aka kwafa daga kaset. Waƙar fim kuwa tana da wanda ya rubuta, da wanda ya rera a sutudiyo, da jarumin da ya hau kanta a fim, kuma sau da yawa sunan jarumin ko na fim ɗin ke bin fayil ɗin. Ga shafukan sauke waƙa da ke cusa adireshinsu a gurbin kundi da na mawaƙi. Ga WhatsApp da ke raɗa wa sauti sunan da ya fara da AUD, sai kwanan wata, sai lamba.

Rasa suna ba ƙaramar asara ba ce ga mawaƙi. A 2010 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga memorin wayoyin mutane a Kidal ta ƙasar Mali, ya fitar da kundin Music from Saharan Cellphones a 2011. Aikin da ya fi ba shi wuya shi ne gano masu waƙoƙin don a biya su, tunda fayilolin sun bi ta wayoyi barkatai sun zubar da sunayensu a hanya. Ɗaya daga cikin waɗanda ya gano shi ne Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar mai kaɗa gita, wanda ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, yau kuma yana zaga duniya da kiɗansa.

Ko bayanan sun cika, saura yadda manhaja za ta nuna su, kuma nan ma ana tafka kuskure. Bangon faifan garmaho faɗinsa ya kai santimita 30, ana rubuta wanda ya buga ganga, wanda ya naɗi sauti, da inda aka naɗa. Yanzu duk an matse shi ya koma hoton da bai fi tambarin wasiƙa ba, sunayen 'yan amshi da makaɗa sun ɓace. Roon, da ya fito a 2015, a kan wannan giɓin ya gina kasuwarsa: a taɓa sunan mai ganga, sai duk kundin da ya yi aiki a ciki su fito. Kamfanin lasifika na Sonos kuwa ya nuna yadda ake ɓata abin da ke aiki. A watan Mayun 2024 ya saki sabuwar manhaja da ta zo babu neman waƙa a rumbun gida, babu gyara jerin sauraro, har agogon barci babu. Mutanen da suka kashe maƙudan kuɗi kan lasifika suka kasa gano waƙoƙinsu. Shugaban kamfanin, Patrick Spence, ya nemi afuwa a watan Yuli, ya sauka daga kujerarsa a Janairun 2025. A ɗaya gefen, Logitech ya daina ƙera na'urar kiɗa ta Squeezebox tun 2012, amma da yake manhajarta a buɗe take, masu amfani da ita suka ci gaba da kula da ita, su ne suka raɗa mata suna Lyrion a 2024.

Mai tsohuwar kwamfutar nan ta lungun falo yana da mafita, sai dai ta zama ce da haƙuri. MusicBrainz na da manhaja kyauta mai suna Picard, ita tana iya ɗaukar zanen sautin waƙa ta kwatanta da na rumbu, ta cike guraben da kanta. Ga Bob Marley ko Fela Kuti, cikin 'yan daƙiƙoƙi za ta kawo suna da shekara da hoton bango. Ga kaset ɗin Barmani Choge ko Ɗanƙwairo da aka juya zuwa MP3 a shagon kasuwa, mafi yawan lokaci shiru za ta yi, don babu wanda ya taɓa shigar da shi. Nan sai mai gida ya zaɓi rubutun suna ɗaya ya tsaya a kansa, ya cike gurbin mawaƙin kundi, ya haɗa waƙoƙin da ba su da kundi ƙarƙashin sunan da ya ga ya dace, ya kuma ajiye kwafin asali a gefe kafin ya taɓa komai, don kuskure ɗaya kan sauya fayil ɗari a lokaci guda. Waƙoƙin da ya kasa ganewa kuwa, sai ya kunna wa wani dattijo a unguwa. Sau da yawa kafin amshi ya zagayo zai faɗi wanda aka yi wa waƙar, da garinsu, da sarautar da yake riƙe da ita a lokacin.