Baƙon da Ke Kwana a Aljihun Kowa

Ga kacici-kacici. Wane mutum ne ke kwana a aljihun direbobin Birnin Gwari, ya ratsa dajin Kamuku tare da su, a sayi masara da shi, a biya sadaki da shi, amma da wuya ka sami wanda ya san sunansa?

A teburin mai shayi na jefa tambayar. Na shimfiɗa takardar dubu ɗaya, na danne gefenta da kofi, na ɗora yatsa a kan mai hular nan.

"Sardauna ne," in ji wani direba.

"Haba Malam, Gamji ai yana kan ɗari biyu."

Wani dattijo ya ce Tafawa Ɓalewa. Na ce, "Baba, shi kuma naira biyar aka ba shi." Sai mai shayi ya fizge takardar, ya kara ta da fitila, ya karanto ƙananan baƙaƙen da ke ƙasan hoton: Mai-Bornu. Ya buga tebur, wai Shehun Borno ne, a kawo tukuici.

Bai ci ba.

Ba sarki ba ne. Ba soja ba ne. Bai taɓa tsayawa takara ba.

Malamin makaranta ne! Aliyu Mai-Bornu, haifaffen Yola a 1919, ya gama Kwalejin Kaduna, wadda ta zama Barewa, a 1942, ya yi shekaru yana koyar da Turanci. Da girmansa ya ajiye alli ya tafi Jami'ar Bristol a Ingila, ya fito da digirin tattalin arziki a 1957, yana dab da arba'in. Shekara shida kacal bayan haka ya gaji Bature Roy Fenton a kujerar Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, ɗan ƙasa na farko, ya riƙe ta har 1967. Na kusa da shi a takardar kuwa magajinsa ne, Clement Isong, wanda ya yi digirin digirgir a Harvard ta Amurka.

Na ce saura ɗaya: naira nawa ne albashinsa?

Aka yi ta zuba farashi kamar ana gwanjo. Dubu. Dubu goma.

Ko ɗaya. Da fam da sule ya yi zamaninsa. Ya rasu a 1970, naira kuwa sai 1 ga Janairun 1973 ta fito. Mutumin da aka ɗora kan babbar takardarmu a 2005 bai taɓa riƙe naira a hannunsa ba.