Fitilar da Ta Yaudari Ma'aikatan Tashar Nukiliya

Yau masana'antu za mu leƙa, inda ruwa da tururi da iskar gas ke gudu cikin bututu, bawul kuma ke tsare da hanya. Tsarin a taƙaice: na'urar awo ta auna matsi ko zafi, ta kai rahoto, kwamfuta ta gwada da abin da ake so, ta umarci bawul ya ƙara buɗewa ko ya tsuke, sannan a sake aunawa. Dare da rana haka abin ke zagayawa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ƙarfin wannan zagaye duka yana kan rahoton da ke dawowa. In rahoton ya karkace, komai ya karkace.

Ku zo mu je jihar Pensilbaniya ta Amurka, tashar nukiliya ta Three Mile Island, ranar 28 ga Maris, 1979, wajen ƙarfe huɗu na asuba. Famfunan ruwa suka tsaya, matsi ya hau, wani bawul na rage matsi ya buɗe kamar yadda aka tsara. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya kamata ya koma ya rufe. Sai ya maƙale a buɗe. A ɗakin lura kuwa, fitilarsa ta mutu, ma'aikata suka ce alhamdu lillahi, ya rufe. To, ku saurara da kyau: fitilar nan ba bawul take kallo ba. Abin da take nunawa kawai shi ne an yanke wutar da ke riƙe shi a buɗe, wato an ba da umarni. Kamar ka aiki yaro kasuwa, don ka ga fitarsa ka ce saƙo ya isa. Fiye da awa biyu ruwan sanyaya injin nukiliyar yana tsiyayewa, su kuma ma'aikata, a zatonsu ruwa ya yi yawa, suka rage ruwan gaggawa da hannunsu. Kusan rabin cibiyar injin ya narke.

Wani zai ce ai laifin ma'aikata ne. Ban yarda ba. Mutum da abin da aka nuna masa yake yanke hukunci, kuma an nuna musu umarni a matsayin sakamako. Wani kuma zai ce a ƙara na'urorin gargaɗi. Ai a mintunan farko fiye da ƙararrawa ɗari suka yi ta kuka a ɗakin nan, ba wanda ya san wacce zai fara bi. Yawan rahoto bai yi magani ba. Rahoton da ake buƙata guda ɗaya ne, na ainihin inda bawul ya tsaya.

Lokaci na neman ƙure mana, amma ku ji abin da ya tsayar da tsiyayar ruwan: wani bawul na tarewa da ke kan bututun, shi aka rufe. A masana'antu galibi ba a barin bawul mai sarrafa kansa shi kaɗai. Ana sa masa na tarewa gaba da baya, da hanyar kewaye, don ranar da zai ƙi jin magana. Injiniyan da ke saurarenmu, gobe in ka shiga aiki, ka bincika kowace fitila a allonka: bawul take gani, ko umarni?