Wa Ya Zana Maka Wannan Da'irar?

Akwai wani hoto da ya addabi zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, har ya kai ana ɗauko shi a kai wajen bitar ma'aikata da tarukan matasa. Siffofi biyar ne a jere: murabba'i, alwatika, da'ira, wani dogon akwati, sai wani layi mai lanƙwashe-lanƙwashe. Za a ce ka zaɓi wadda ta fi kwanta maka a rai, sannan a karanto maka halinka. Wai mai murabba'i mutum ne mai tsari da bin ƙa'ida, mai alwatika shugaba ne, mai da'ira kuwa ɗan sulhu ne da ba ya son ɓata wa kowa. Da abin ya tsaya a raha, da babu mai cewa uffan. To amma yanzu sai ka ji baligi da hankalinsa yana cewa, "Ni fa da'ira ce ta fito mini, shugabanci ba nawa ba ne," kuma ya ƙi neman matsayin da ya cancanta.

Wata Ba'amurkiya, Susan Dellinger, ce ta yaɗa wannan tsari a littafinta na 1989, kuma ba ya cikin ma'aunan da masana halayyar ɗan Adam ke dogaro da su.

Na san abin da za a ce mini: "Ai wallahi duk abin da aka faɗa a kaina haka yake." Wannan ita ce hujjar da kowa ke riƙewa, kuma an daɗe da rushe ta. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, daga baya ya miƙa wa kowa takardar sakamakonsa, ya ce ya ba ta maki daga sifili zuwa biyar gwargwadon yadda ta dace da shi. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya raba musu duka, kuma jimlolinta daga wani littafin masu duban taurari ya tsinto su. Maganganu ne irin su kana son mutane su so ka, kana yawan zargin kanka, kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba. Wane ne wannan rigar ba za ta shiga ba? Mutum yakan riƙe jimlar da ta yi masa daidai, ya manta da uku da suka kauce. Da wannan dabarar mai bugun ƙasa ke cin abinci, sai dai shi tabarma yake shimfiɗawa, masu hoton siffofin kuma da majigi suke zuwa.

Illar ba a hoton take ba, tana cikin abin da ke biyo baya. Wanda ya yarda shi "ba mai magana cikin jama'a ba ne" ba zai tashi ya yi magana ba, don haka ba zai ƙware ba, rashin ƙwarewar kuma ya koma masa shaida. Haka wadda ta ce kanta ba ya ɗaukar lissafi saboda wani malami ya yi mata tsawa a aji uku. Abin haushi, sai a liƙa wa ƙaddara, alhali ko sau ɗaya ba a gwada ba.

Ga wani wasa da ya fi wancan hoton amfani. Ɗiga ɗigo tara, uku-uku a sahu uku, ka haɗe su da miƙaƙƙun layuka huɗu ba tare da ɗaga biro ba. Wasan yana cikin kundin wasannin ƙwaƙwalwa na Sam Loyd da ya fito a 1914. Galibin mutane sukan kasa, domin idonsu na ganin murabba'i kewaye da ɗigogin, hannunsu kuma ya ƙi tsallake shi, alhali babu wanda ya zana shi, babu kuma dokar da ta hana layi wucewa. Amma ka lura da wannan: a binciken Weisberg da Alba na 1981, ko da aka gaya wa mutane su fita wajen murabba'in, mafi yawansu sun sake kasawa. Ke nan jawabin zaburarwa kaɗai ba ya fitar da kowa.

Ban ce talauci da rashin makaranta da ciwo ba iyakoki ba ne. Waɗannan na gaske ne.

Sauran iyakokin kuwa a gwada su. Ɗauki takarda ka rubuta abu uku da ka saba cewa ba za ka iya ba. A gaban kowanne ka rubuta wanda ya fara gaya maka, da ranar da ka gwada na ƙarshe. Idan babu ranar, to zato kake riƙe da shi. Zaɓi ɗaya kawai, ka yanka shi ƙanana: mai tsoron taro ya fara da gabatar da baƙo a walimar gida, mai gudun lissafi ta karɓi littafin adashi ta riƙe wata uku. Nemi wanda ya iya ya duba maka, don gyara daga bakin gwani ya fi tafin abokai. Kada ka yanke wa kanka hukunci a makon farko, lokacin da kowa ke tuntuɓe. Iyaye da malamai kuma, don Allah a daina ce wa yaro "daƙiƙi" ko "kai ba na boko ba ne", domin yakan girma da kalmar. Masu cewa shekaru sun ja, su tuna Kimani Maruge na ƙasar Kenya, wanda ya shiga aji ɗaya na firamare a garin Eldoret a 2004 yana da shekara 84, bayan gwamnati ta soke kuɗin makaranta. In kuma an sake turo hoton nan a zaurenku, ka nemi wanda ya turo ya karanta bayanin siffar da bai zaɓa ba, sannan ya faɗi tsakaninsa da Allah ko ita ma ba ta dace da shi ba.