Ruwan Ɗufana da Labaran Ambaliya na Al'ummomin Dā

A shekarar 1872 George Smith ya karanto labarin ambaliya a wani allon yumɓu da aka tono a Ninawa, cikin ƙissar Gilgamesh: mutum ya sassaƙa jirgi, ya ɗebi dabbobi, ya tsira. Tun daga lokacin wasu ke kafa hujja da yawaitar irin waɗannan labarai a kan cewa ruwa ya taɓa rufe duniya baki ɗaya.

Wannan hujja tana da rauni. Al'ummomin dā a bakin koguna suka zauna, kowace da ambaliyarta, kuma maƙwabta suna aron labari. Laka mai kauri da Leonard Woolley ya tarar a Ur a 1929 ba ta game garin duka ba, ba ta kuma yi zamani ɗaya da ta Kish ba. Al-Biruni ya ambata tuntuni cewa Farisawa da Indiyawa ba su yarda da gamewar ɗufana ba. Mu ma a ƙasar Daura, labarin da muka gada na rijiyar Kusugu ne, inda ruwan sha ma sai ranar Juma'a.

Aukuwar ɗufana ba abin shakka ba ne ga Musulmi; Suratu Hud ta tabbatar da ita, har da tsayawar jirgi a kan Judi. Faɗinta ne wurin saɓani. Jumhurun malaman tafsiri suna ganin ta game ƙasa, amma Muhammad Abduh ya ce babu nassi yankakke a kan haka. Abin da na fi karkata gare shi: tana iya halaka dukkan kafiran zamanin, idan a yanki ɗaya suke, ba tare da ta rufe kowane tudu ba. Allah ne Mafi sani.