Taurarin da ke bisa Safo ma suna da nasu duniyoyi

A daren kaka, idan babu farin wata kuma hazo bai sauko ba, mutumin Safo da ya ɗaga kai wajen ƙarfe 9 a ƙarshen Oktoba zai ga manyan taurari huɗu kusan tsakar ka, jere kamar kusurwoyin gona. Daf da gefensu na yamma akwai wani ɗan tauraro dishi-dishi, wanda fitilun birnin Maraɗi kan ɓoye, amma duhun karkarar Madarunfa yake bayyanawa. Masana na kiransa 51 Pegasi. Shi ne ya warware tambayar da ta daɗe tana cin ran masu ilimi: shin ranarmu kaɗai ce ke da duniyoyi masu kewaya ta, ko kuwa sauran taurari ma suna da nasu?

Tambayar ba ta yau ba ce. Malam Fakhruddini Razi, mai shahararren tafsirin nan, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 13, ya kafa hujja cewa ikon Allah bai gaza halittar dubban duniyoyi bayan tamu ba. Abin da ya rage shi ne shaidar awo.

Awon abin da ido bai gani ba

Ranar 6 ga Oktoba 1995, wasu masana biyu na jami'ar Janeba ta ƙasar Suwis, Michel Mayor da ɗalibinsa Didier Queloz, suka ba da sanarwar gano wata duniya mai kewaya 51 Pegasi. Sun yi aikin ne da madubin hangen nesa na Haute-Provence, a kudancin Faransa. Ba su ga duniyar da ido ba, sabili da hasken tauraro yana shanye ta. Auna ta suka yi, kamar yadda ɗan kasuwa kan san nauyin buhu ba tare da ya kwance bakinsa ba.

Ga yadda abin yake. Idan babba ya riƙe hannun yaro suna juyi, yaron ne ke yin babban zagaye, amma babban ma yana ɗan tangaɗi. Haka tauraro yake yi da duniyarsa: ya matso wajenmu, ya ja da baya. Wannan kai da kawowa yana sauya launin haskensa kaɗan, tamkar yadda ƙarar babbar mota ke sauyawa sa'ad da ta wuce ku bisa hanyar Ɗan Isa. Awon ya nuna duniya mai kimanin rabin nauyin Mushtari, wadda shekararta kwana 4 ne da 'yan sa'o'i. Aikin ya jawo wa mutanen biyu kyautar Nobel a 2019.

Dabara ta biyu ita ce tsaron hasken tauraro har duniyarsa ta gitta ta gabansa, kamar ƙwaro gaban fitila. Mai girman Mushtari takan rage kashi 1 cikin 100 na hasken tauraro irin ranarmu. Da wannan dabara madubin Kepler na Amurka, wanda ya yi aiki a sararin samaniya daga 2009 zuwa 2018, ya gano duniyoyi fiye da 2,600. A Satumba 2025 lissafin hukumar NASA ya kai 6,000. Garken taurarin da ranarmu take ciki ya ƙunshi aƙalla miliyar 100, kuma masana sun ƙiyasta cewa duniyoyin cikinsa ba su gaza taurarin yawa ba.

Ba wurin ƙaura ba ne

Kada mai karatu ya ɗaure kaya. Har yanzu ba a tabbatar da rai a ko ɗaya daga cikinsu ba, ga kuma nisa. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma sai ya shekara 50 kafin ya iso Safo daga 51 Pegasi. Mafi kusa, wadda aka gano a 2016 tana kewaya tauraron Proxima, tafiyar shekara 4 ce da ɗoriya ga haske. Kumbon Voyager 1, da aka harba tun 1977, zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci wannan zango.

Ina rabonmu?

Afirka ta fara sa hannu. A tsaunin Ukaimedan na Maroko akwai ɗaya daga madubin TRAPPIST biyu na jami'ar Liyaj ta Beljiyam, wadda masananta suka jagoranci gano duniyoyi 7 kewaye da tauraro guda a 2017. A 2019, da ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba ƙasashe damar raɗa suna, Burkina Faso ta kira tauraronta Muhun, duniyarsa kuma Nakambe, sunayen kogunanta; Najeriya ta zaɓi Amadioha da Equiano.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a ilimin lissafi da na taurari, manomanmu kuwa suna lura da fitowar Kaza da 'ya'yanta wajen sanin lokaci. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da sashen kimiyya, ƙauyukanmu suna da sararin da biranen Turai suka rasa. Ya kamata hukumomin ilimi da attajiran Maraɗi su haɗa kai, su samar wa makarantun sakandare na jiha ƙananan madubin hangen nesa da malaman da za su koyar da aiki da su.