JOE LOUIS DA MUHAMMADU ALI: DA SUN KARA, WA ZAI KASHE WANI?

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a zangunanmu, tun daga Nima da Sabon Zango na Ankara har Kumasi. Ana yinta a rumfunan 'yan goro, ana yinta a teburin mai shayi, har wani lokaci sai ka ga dattijai biyu da suka shekara arba'in suna ciniki tare sun tashi, kowa ya kaɗe rigarsa ba sallama. Duk kuwa a kan mutum biyu ne 'yan Amurka, baƙar fata, waɗanda suka riƙe sarautar damben duniya ta masu nauyi, watau Joe Louis da Muhammadu Ali. Da Allah ya haɗa su a fage ɗaya, kowa yana cikin ganiyarsa, wa zai kashe wani? Tun da ya ke zancen ya fara ɓata zumunci, mun ga ya kamata mu shimfiɗa wa jama'a abin da ke rubuce game da su, sa'an nan mu faɗi namu ra'ayin.

Da farko dai a sani ba su yi zamani ɗaya a fage ba. An haifi Louis cikin 1914 a Alabama, ya tashi a Detroit. An haifi Ali cikin 1942 a Louisville. Sa'ad da Louis ya yi dambensa na ƙarshe cikin 1951, Ali yaro ne ɗan shekara 9, bai ko fara sa safar dambe ba. Louis ya rasu cikin 1981, Ali kuwa cikin 2016.

Ga waɗanda ba su san damben Turawa sosai ba, ya bambanta da namu. A namu, da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa ke nan. A nasu kuwa, in mutum ya faɗi alƙali ya kan ƙirga goma, in ya tashi kafin a cika sai a ci gaba. Kowane turmi minti 3 ne da hutun minti 1, a zamanin mutanen nan biyu kuwa turmi 15 a ke yi in ana neman sarauta. In an ƙare ba kisa, sai a duba makin da alƙalai suka rubuta. A riƙe wannan, gama a nan gardamar ta ke kwance.

Louis ya karɓi sarauta ran 22 ga Yuni, 1937, a Chicago, da ya kashe James Braddock a turmi na 8. Ya riƙe ta har 1949, ya kare ta sau 25, har yau ba wani mai nauyi da ya kai wannan adadi. Cikin waɗannan 25, mutum uku kaɗai suka kai ƙarshen turmi 15 a tsaye. Cikin 1941 kawai sau 7 ya fita. Dambensa duka 69, ya ci 66, guda 52 da kisa. Ali kuwa ya karɓi tasa ran 25 ga Fabrairu, 1964, yana ɗan shekara 22, sa'ad da Sonny Liston ya ƙi tasowa daga kujerarsa a turmi na 7. Sau uku yana hawa sarautar nan. Ya yi dambe 61, ya ci 56, guda 37 da kisa. Ga jiki kuwa ba su da nisa ainun. Louis ƙafa 6 da kusan inci 2, nauyinsa wajen laba 200. Ali ƙafa 6 da inci 3, laba 210 zuwa 215 a ƙuruciyarsa, hannunsa ya fi na Louis tsawo da inci 2.

Mun lura yawancin masu gardamar nan ba dambe su ke aunawa ba, ƙauna ce ke magana. Ba mu ga laifin mutanen Ali ba. Cikin watan Mayu 1964, wata uku bayan ya ci Liston, ya sauka Ankara, ya gana da Shugaba Kwame Nkrumah, ya yafa kente, ya tafi har Kumasi, akwai kuwa dattawa cikinmu da suka gan shi da idonsu suna yara. Ga shi Musulmi, ya yi aikin hajji cikin 1972. Cikin 1967 ya ƙi shiga soja a kai shi yaƙin Biyetnam, aka tuɓe shi, aka hana shi dambe shekara uku da rabi, bai janye ba, har babbar kotun Amurka ta wanke shi cikin 1971. Mutanen Louis su ma suna da tasu hujja, wadda yawanci gadonta suka yi daga iyayen da suka ga Yaƙin Duniya na Biyu. Ran 22 ga Yuni, 1938, a gaban mutum dubu saba'in a New York, Louis ya gama da Max Schmeling na Jamus cikin minti 2 da daƙiƙa 4, a lokacin da Hitler ke cika baki cewa baƙin mutum ba ya kai Bature. Cikin 1942 ya ba da kuɗin dambensa biyu ga asusun taimakon sojoji, ya shiga soja da kansa, daga baya kuwa hukumar haraji ta bi shi bashin da ya talauta shi. Duk wannan gaskiya ne. Amma ko ɗaya ba ya tare naushi, saboda haka mu ajiye shi gefe.

Mutanen Ali, in an zo ga dambe, sunan Billy Conn su ke fara kira. Conn ɗan ƙaramin mutum ne, nauyinsa bai wuce laba 174 ba. Ran 18 ga Yuni, 1941, ya yi ta kewaya Louis yana dukansa yana zillewa, har aka gama turmi 12 alƙalai biyu cikin uku suna ba shi rinjaye. Haka kuma Jersey Joe Walcott cikin 1947, da wayon ƙafa ya kā da Louis sau biyu, aka ba Louis nasara da ƙyar, 'yan kallo suna ihu ba su yarda ba. Sai su ce, to, in ƙaramin mutum mai sauri ya wahalar da shi haka, ina ga wanda ya fi Conn da laba 40, ya fi shi tsawon hannu, kuma saurinsa bai gaza nasa ba? Lalle wannan magana tana da nauyi. Louis ba mai rawa ba ne, jan ƙafa ya ke yi sannu-sannu yana matse mutum, kuma sai ya kafa ƙafafunsa biyu kafin naushinsa ya yi aiki. Wanda ya ga yadda Ali ya yi da Cleveland Williams a Houston cikin Nuwamba 1966 ya san ba ya tsayawa wuri ɗaya har a kafa masa ƙafa.

Mutanen Louis su kan amsa da cewa, to, yaya aka ƙare da Conn ɗin? A turmi na 13 ya tsaya zai yi musayar naushi, Louis ya kashe shi saura daƙiƙa 2 a buga ƙararrawa. Minti 45 a ke yi a fage, su ce, ba ɗan Adam da zai yi rawa minti 45 bai tsaya ya numfasa ba, Louis kuwa ƙiftawar ido ɗaya ya ke bukata. Game da girman jiki kuma, sai su tuna maka Primo Carnera da Buddy Baer da Abe Simon, ƙattai masu laba 240 zuwa 260, duk ya kwantar da su.

Abin da ya fi ba mu sha'awa, wanda ba safai mu kan ji an ambata a rumfa ba, shi ne kowane ɗayansu yana da ƙofa a jikin garunsa, makamin ɗan'uwansa kuwa daidai ƙofar nan ya ke. Louis, in ya miƙa hagunsa ya dawo da shi, ya kan bar shi ya sauka ƙasa kaɗan. Schmeling ne ya gano haka, ya yi ta aika masa da dama ta bisa hagun nan, har ya kashe shi a turmi na 12 cikin Yuni 1936. Sau 10 Louis ya taɓa ƙasa a rayuwarsa ta dambe, Braddock da Tony Galento da Buddy Baer duk sun kā da shi kafin ya tashi ya gama da su. Ali kuwa dama mai saurin walƙiya ita ce babban makaminsa, da ita ya kā da Liston cikin 1965, da Zora Folley cikin 1967, da George Foreman a Kinshasa cikin 1974. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga shi kuwa tsagar a fili.

To, juya ka dubi Ali. Hannuwansa a ƙasa ya ke barinsu, in naushi ya taho sai ya janye kansa baya maimakon ya tare. Sau 4 ya taɓa ƙasa, uku daga ciki da lanƙwasasshen naushin hagu ne, wanda ke zuwa ta gefe kamar ƙugiya: Sonny Banks cikin 1962, Henry Cooper a Landan cikin 1963, da Joe Frazier a turmi na 15 ran 8 ga Maris, 1971. Na huɗun, na Chuck Wepner cikin 1975, har yau ana cewa taka masa ƙafa aka yi. Ƙugiyar hagun Louis kuwa ba ta da nisan tafiya, gajeriya ce, kuma ba ita kaɗai ta ke zuwa ba, wani naushin na bin ta a baya nan take. Cooper ya kā da Ali ƙararrawa ta cece shi. Da Louis ne, kuma da sauran minti ɗaya a turmin, Allah kaɗai ya san yadda za a kwashe.

Akwai kuma wani mutum da ya kamata mutanen Louis su riƙa ambata. Sunansa Eddie Futch, ɗan Detroit, wanda tun yana saurayi ya kan gwada hannu da Louis a ɗakin horo. Shi ne yana kusurwar Frazier ran da Ali ya fara faɗuwa cikin 1971, shi ne kuma ya horar da Ken Norton wanda ya karya wa Ali muƙamuƙi ya ci shi cikin Maris 1973. Dabarar da ya koya wa Norton ita ce, in Ali ya miƙo hagu ka tare da damarka, ka miƙa naka hagun a lokaci guda, ka bi shi har igiya. Wannan kuwa ita ce ainihin hanyar Louis, wanda miƙaƙƙen hagunsa ya fi na Norton nauyi nesa ba kusa ba. Sai dai mutanen Ali za su ce wannan Ali ne na bayan hutun dole, ƙafafunsa sun riga sun yi nauyi.

Sun kuwa yi gaskiya, gama Ali biyu ne. Akwai na 1964 zuwa 1967, wanda da wuya a taɓa fuskarsa, akwai kuma na 1970 zuwa gaba, wanda ya koma cin dambe da jimiri da wayo. Na biyun ne ya nuna wa duniya irin haɓar da Allah ya ba shi. Ya sha dukan Frazier turmi 14 a Manila cikin 1975, ya sha na Foreman da na Earnie Shavers, ba wanda ya taɓa sa aka ƙirga masa goma. Sau ɗaya tak aka tsai da dambensa, cikin 1980 da Larry Holmes, yana ɗan shekara 38, shi ma mai horar da shi Angelo Dundee ne ya ce ya isa. A nan ya fi Louis, ba shakka. Amma dabarar jingina da igiya da ya yi wa Foreman ba za ta ci Louis ba. Foreman jifa ya ke yi da hannu kamar mai saran itace, ya gaji a turmi na 8. Louis ba ya ɓarnar naushi, kuma wanda ya jingina da igiya a gabansa ya kawo kansa mahauta.

Ba mu kaɗai ne wannan irin gardama ta dama ba. Cikin 1967 wani mai shirin rediyo a Amurka, Murry Woroner, ya zuba labarin manyan 'yan dambe 16 cikin kwamfuta don ta raba gardama. Sai ta ce Jim Jeffries, wanda ya yi zamani tun farkon ƙarnin, ya ci Ali, ta kuma ba Rocky Marciano sarautar duka. Ali ya fusata har ya kai ƙara yana neman dala miliyan ɗaya. Samarinmu da ke kawo mana hukuncin na'ura a waya su ji wannan, haka kuma masu cusa mana sunan Mike Tyson cikin zancen manya su dakata, nasa ranar daban.

Ga namu ra'ayin. In aka ɗauko Louis na 1938 da Ali na 1966, turmi 15, a fage mai faɗi, mun ba Ali da maki. Zai tara turamen farko da sauri da tsawon hannu, damarsa za ta sami ƙofar da Schmeling ya samu, wataƙila ma ya kā da Louis sau ɗaya. Daga turmi na 10 Louis zai fara cim masa, zai kuwa same shi da hagun nan, amma mun ga Ali ya tashi daga na Frazier kafin a ƙirga biyar, bayan ya riga ya sha wuyar turmi 14. In kuwa Ali na 1974 aka kawo, Louis muka ba.

Sauran abu ɗaya, kada mutanen Ali su yi saurin shewa. Louis ba a yi masa wayo sau biyu. Schmeling da ya kashe shi, a karo na biyu bai gama turmi ɗaya ba. Bob Pastor da Arturo Godoy da suka kai ƙarshe da shi a karon farko, a na biyu ya kashe su a turmi na 11 da na 8. Buddy Baer turmi ɗaya, Conn turmi 8 cikin 1946, Walcott turmi 11 cikin 1948. Shi da malaminsa Jack Blackburn haka suka saba, su koma gida su yi nazarin mutum. Saboda haka karo na biyu na Louis ne a wurinmu. Ali shi ma ya rama a kan Frazier da Norton da Leon Spinks, sai dai a karon ramuwar nan uku duk da maki ya ci, ba da kisa ba.